Sanƙarau: rajistar kiran suna ma kayan aikin likita ce

Duk shekara da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a nan Bande, nakan dubi rajistar kiran sunan ajina da wani ido daban. Yaro ɗaya ya yi fashi, ba komai. Amma uku daga unguwa ɗaya cikin mako guda, kowanne ana cewa zazzaɓi da ciwon kai, to nan gabana ke faɗuwa.

Ina da dalili. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da aka yi zaton sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Dungas kaɗai tana da 342, ta rasa shida. Magarya tamu 38 ne kawai, amma ta rasa biyar. Na daɗe ina juya wannan lissafi. A ganina, ko dai ba mu kai marasa lafiya da wuri ba, ko kuwa da yawa sun yi jinyarsu a ɗaka, ba wanda ya rubuta su. Ko wanne ne, daga gidajenmu matsalar ta fara.

Masu binciken annoba ba duba suke yi ba, ƙirga suke yi. A yankin da ke da mutum dubu talatin zuwa dubu ɗari, in an samu uku cikin dubu ɗari a mako, sai a shiga shiri. In sun kai goma, annoba ce, sai a nemi allura. Yaron da aka ɓoye a gida ana shafa masa magani a wuya bai shiga wannan ƙirga ba, kuma rashinsa na iya jinkirta allurar gari guda.

Sai batun ɗibar ruwan baya, wanda iyaye da yawa ke gudu wai yana gurgunta yaro. Ciwon ne ke nakasawa, shi ke barin kurumta, kuma yana iya kashewa cikin kwana ɗaya. Wannan ruwa shi ake aikawa Yamai, cibiyar CERMES, a gane irin ƙwayar. Ta haka aka san cewa nau'in C ne ya addabe mu, alhali allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 nau'in A kaɗai take karewa. Don haka uban da ya ce mini "ai an taɓa yi masa" bai yi ƙarya ba, sai dai ba ita ba ce. Sabuwar da ke kare nau'i biyar sai a 2024 Najeriya ta fara amfani da ita, Nijar ta biyo baya. Ƙwayar kuwa ba ta san iyaka ba. Mu da Jigawa kasuwa ɗaya muke ci, daga Maigatari har Babura.

Malamai 'yan uwana, ba cewa na yi mu zama likitoci ba, aikin da ke kanmu ma ya ishe mu. Amma mu ke ganin yara saba'in kowace safiya, kafin kowa. In wani bai zo ba kwana biyu, a aika a tambaya: wuyansa ya sanƙare? Yana amai? Haske na damunsa? In amsar e ce, a ranar za a kai shi likita, a kuma gaya wa majo sunan unguwar da yawan yaran da suka yi fashi daga can.