Ba Kowane Jan Ido Ne Afolo Ba

Duk wanda ya daɗe a Sabon Badun, ko yana bin kasuwannin Shasha da Karar shanu da ke ƙasar Ƙaramar Hukumar Akinyele, ya san yadda Hausawan wurin suke ɗaukar ciwon ido. Da zarar idon mutum ya yi ja yana kwantsa, sai a ce Afolo ne, a saya masa baƙin tabarau, a ce kwana bakwai zai yi ya tafi. Sunan ya samo asali tun 1969, shekarar da wannan ciwo ya ɓarke a ƙasar Gana daidai lokacin da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya sauka a kan wata. Sau da yawa kuwa gaskiyarsu ce, ciwon yakan tafi da kansa. To, amma annobar korona ta nuna cewa wannan sakaci yana iya jawo asarar rai.

Ai ɗaya daga cikin likitocin da suka fara ankarar da abokan aikinsu game da cutar a birnin Wuhan na ƙasar Sin, wato Li Wenliang, likitan ido ne, kuma ita ce ta yi ajalinsa ranar 7 ga Fabrairu, 2020. A watan Maris na wannan shekara wasu likitoci a lardin Hubei suka bayyana cewa cikin majiyyata 38 da suka kwantar, 12 suna fama da jan ido, ko kumburinsa, ko zubar hawaye, kuma takwas daga cikin 12 ɗin suna cikin waɗanda ciwon ya yi wa mugun kamu. Wasu masana a birnin Rum suka tattara bayanan majiyyata 1,167, suka tarar jan ido ya kama kashi 3 cikin ɗari na masu tsananin ciwo, alhali ga masu sauƙi bai kai kashi 1 ba.

Amma fa kada a ɗauki maganar kamar yankan wuƙa. A wani asibiti a Madrid ta ƙasar Sifen an duba mutum 301, aka sami 35 da jan ido, ba a kuwa ga wata dangantaka tsakaninsa da tsananin ciwon ba. Akwai kuma wani dalili da ya kamata mai hankali ya lura da shi. Majiyyacin da aka ɗora wa injin numfashi ana ba shi maganin barci, fatar idonsa ba ta rufuwa sosai, iska tana busar da idon. Idan kuma aka kifa shi rub da ciki don huhunsa ya sami sarari, ruwa yakan taru a idon ya kumbura. Ke nan wani jan idon wahalar jinya ce ta kawo shi, ba ƙwayar cutar ba. Ko ma wanne ne, darasin ma'aikatan jinya guda ne: a riƙa duba idon wanda ba ya cikin hayyacinsa ana jiƙa shi, don kada mutum ya tsira da ransa ya koma gida da makanta.

Badun ba ta manta da 2020 ba. Gwamna Seyi Makinde da kansa ya kamu a ƙarshen watan Maris, haka ma shugaban Asibitin Koyarwa na Jami'a, Farfesa Jesse Otegbayo, kuma tsohon gwamna Abiola Ajimobi ya rasu ranar 25 ga Yuni. Waɗannan manya ne masu likitoci a hannu. Ina ga ɗan dakon da ke sauke buhunan albasa a Shasha, ko direban da ya kwana biyu a hanya daga Sakkwato, wanda bai iya Yarbanci ba balle Turanci? Shi idan idonsa ya yi ja, jikinsa ya ɗau zafi, kantin magani zai nufa, a miƙa masa ɗigon ido mai sitiroyid ba tare da kowa ya tambaye shi ko yana tari ba. Irin wannan ɗigo yana iya faɗaɗa gyambo a baƙin ido, yana kuma tada hawan jinin ido. Wasu ma ruwan batir ko fitsari suke zubawa, mata kuma suna karɓa-karɓar tandun kwalli guda a gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin korona ranar 5 ga Mayu, 2023, amma ƙwayar ba ta bar duniya ba. Saboda haka wajibi ne Sarkin Hausawan Sabo da Sarkin Shasha da limaman Juma'a su sanar da jama'arsu cewa jan ido, in ya haɗu da zazzaɓi ko tari ko sarƙewar numfashi, maganarsa ta asibiti ce a ranar, musamman ga tsofaffi da masu ciwon sukari. Ita kuma Ƙaramar Hukumar Akinyele, wadda ke karɓar kuɗin shiga daga waɗannan kasuwanni kowace safiya, ba za ta talauce ba idan ta ajiye ma'aikacin lafiya mai jin Hausa a asibitin Moniya, da wani a bakin Kara.