CUTA ƊAYA CE, ME YA SA MUKE ƊAURE NAMIJI MU ƁOYE MACE?



Akwai maganar da muke yi ƙasa-ƙasa a zaure da tsakar gida, yau za mu fito da ita fili. Idan saurayi ya fara magana shi kaɗai, yana cewa ana bin sa ko an sa masa guba a abinci, nan take mu yanke hukunci: ɗan ƙwaya ne. Idan budurwa ce ta fara haka, sai mu ce iskoki ne, a rufe ɗaki kada maƙwabta su ji. Alhali sau da yawa abu ɗaya ke damun su, cutar ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira sikizofireniya, mai sa mutum jin muryoyin da babu su, ya kuma gaskata abin da bai faru ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙididdigar 2022 kusan mutum miliyan 24 ke ɗauke da ita, wato mutum 1 cikin 300. Ku lissafa jama'ar Doubeli, Jambutu da Wuro Hausa, za ku ga ba baƙuwa ba ce a unguwanninmu.

Gaskiya ne cutar ba ta zuwa wa maza da mata iri ɗaya. Namiji ta fi kama shi da wuri, daga ƙarshen shekarun goma sha zuwa farkon ashirin, lokacin da yake makaranta ko koyon sana'a. Sai ya janye daga abokai, ya daina wanka, ya kwanta yini guda, mu ce lalaci ne. Mace kuwa takan fara daga baya, sau da yawa bayan ta yi aure, kuma tana iya tashi da ƙarfi bayan haihuwa. Wiwi yana ƙara haɗarin kamuwa da ita, amma wanda bai taɓa kusantar wiwi ba ma yana kamuwa.

Wannan bambanci na halitta ne. Wanda muke ƙorafi a kai shi ne wanda muka ƙirƙira da hannunmu.

Namijin, duka ne rabonsa. A ɗaure shi da mari, ko a kai shi inda za a "gyara" shi. Ba mu manta da gidan da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba 2019 ba, aka fito da ɗaruruwan maza da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. In an gaji, a sake shi ya bi bakin kasuwa da tasha, yara na jifa.

Macen kuma, ɓoyo ne rabonta. Ana tsoron kada a ce gidan akwai hauka, ƙannenta su rasa masu nema. Wani lokaci a aurar da ita ba tare da an gaya wa mijin komai ba, wai aure zai warkar. Ciwon ya tashi, a rubuta mata takarda, a karɓe jaririn, ta dawo gida ta zauna a ɗakin baya shekara da shekaru. Shi namijin ko ba komai ana ganin sa a titi. Ita ba wanda ya san tana nan. Iyaye mata, ina "ciwon 'ya mace na 'ya mace ne" da muke faɗa a taron biki?

Za a ce mana ai addu'a ake yi. Ba mu hana ba, a ci gaba. Amma wanda ya karye ana yi masa addu'a, ana kuma kai shi wajen ɗori. Wannan cuta tana da magani: ƙwayoyi irin su haloperidol da risperidone, akwai kuma allurar da ake yi bayan 'yan makonni ga mai mantuwar sha. Mutane da yawa sun koma shago da aji a kansa. Kuma duk jinkirin da aka yi kafin farawa yana sa sauƙin ya yi wuya.

Doka ma ta canza. A watan Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma amince cewa mai wannan lalura yana da haƙƙi da mutunci.

Don haka muna kira. A kwance mari, a buɗe ɗakin baya. A fara da asibiti mafi kusa, ko Asibitin Ƙwararru na jiha da ke Jimeta, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, a nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. Kada a dakatar da magani don an ga sauƙi, mai ciki ma sai da shawarar likita. Kada a aurar da yarinya a kan ɓoye. Masu unguwanni da limamanmu su ɗauki maganar nan zuwa majalisa da mumbari. Mu kuma a ƙungiyance mu tanadi wani abu daga asusunmu don kuɗin maganin marasa ƙarfi, a raba wa mace kamar yadda za a raba wa namiji.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu jinyar su haƙuri. Amin.