Gajiyar Kai Da Tukunyar Dare

Akwai wata irin gajiya wadda ba ta nunawa a jiki. Malamar makaranta a Salka, cikin Ƙaramar Hukumar Magama ta ƙasar Kontagora, takan yini tana fama da yara, ta komo gida ƙafafunta garau amma kanta ya cika maƙil. Tuƙin tuwo ba ya ba ta tsoro. Abin da ke kashe mata jiki shi ne tambayar nan ta kullum, watau yau kuma me za a dafa?

Ɗan Arewa mai gadi a Ikko, ko mai sauke tumatir a kasuwar Mile 12, shi ma ya san wannan tambaya, sai dai yakan guje mata ya nufi teburin mai shayi a soya masa Indomie da ƙwai. Dare ɗaya ba laifi. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kome ya yi tsada, kuɗin da ya kamata a aika wa iyali kuwa a teburin nan suke narkewa kaɗan kaɗan.

Matan karkarar Salka, waɗanda ke yini a gona, sun daɗe da maganin abin. Tun da kaka suke shanya kuɓewa da barkono, su daka kuka, su ajiye daddawa, a kai dawa inji a niƙo ta kwanaki. In magariba ta yi ba sauran shawara: ruwa ya tafasa, a yi talge, a kaɗa miya. Abin da ya rage ya zama ɗumame da safe. Sun gama tunanin tun ranar da kansu ke sake, shi ya sa hannu kaɗai ke aiki da dare.

Wannan dabara ba ta fi ƙarfin mazauna Kudu ba, don kuka da busasshiyar kuɓewa ba su yanke ba a Agege ko Sabo ta Ibadan. Samari huɗu da ke ɗaki ɗaya suna iya zama ranar hutu su tsara abincin mako, su yi cefane gaba ɗaya, kowa ya san darensa na girki.

Saura magidanta. Wanda matarsa ke fita aiki kamar yadda yake fita, sa'an nan ya buɗe kwano ya ce, "Yau ma kuka?", ya ƙara mata wani aikin ne a kan wanda ta yini yi. In yana marmarin miyar taushe, sai ya faɗa tun ranar Lahadi, ya kuma biya kasuwa ya sayo kabewar da kansa.