Kafin ka sayi injin walda, fara sayen abin da zai kare jikinka

Yau za mu ɗan ajiye maganar saitin waya da tattalin data, mu taɓo wata magana wadda ita ma wayar ce ta jawo ta.

Kwanakin nan tambaya ɗaya ce ke ta shigo mana daga matasan Kaugama, Malam Madori, Auyo da cikin Haɗeja: "Wane ƙaramin injin walda zan saya in riƙa aiki a gida?" Dalilin a fili yake. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 jama'a suka karkata ga sola, ana neman mai haɗa ƙarfen da ake ɗora farantan a kai. Ga gyaran amalanke, ga kurar ruwa, ga ƙofa da taga. Sannan ga YouTube da TikTok cike da bidiyon koyon walda kyauta. Wannan abin farin ciki ne, Allah Ya ƙara wa matasanmu zuciyar nema.

Abin da ya dame ni shi ne, kowa ƙarfin inji da farashinsa yake tambaya. Har yanzu ban ga wanda ya ce "me zan saka a jikina?" ba. To ga ra'ayina, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba: duk wanda kuɗinsa bai isa ya sayi inji tare da kayan kariya ba, kuɗinsa bai isa sayen inji ba tukuna. Ya ƙara tari.

Mu fara da ido. Hasken da ke tashi tsakanin sandar walda da ƙarfe zafinsa ya haura digiri 3,000, kuma yana fitar da irin hasken nan da ido ba ya gani amma yana ƙona fatar ƙwayar ido. Muguntarsa ita ce ba a take yake nunawa ba. Sai bayan kamar awa 6 zuwa 12, ka gama aiki ka ci tuwo ka kwanta, tsakar dare ka farka kamar an watsa maka yashi a ido, hawaye na zuba, ko hasken wayarka ba ka iya kallo. Baƙin tabarau na gayu da ake sayarwa a bakin tasha ba ya tare wannan. Abin da ake buƙata shi ne garkuwar fuska ta walda mai gilashi lamba 10 zuwa 13, kuma ana rubuta lambar a jikin gilashin. Akwai ta zamani mai duhunta kanta da zarar haske ya tashi. Idan ita ka saya, gwada ta kafin kowane aiki, don batirinta yana mutuwa. Ana samun su a wurin masu kayan ƙarfe a Kano, irin su Ƙofar Ruwa da Sabon Gari.

Kai kuma mai riƙe waya kana ɗaukar abokinka bidiyo don a ɗora a TikTok, ka sani kallon allon waya bai kare ka ba, hasken yana dukan idonka ta gefe. Haka yaran unguwa da ke taruwa kallo. Ka kore su, ko sun yi fushi.

Sai maganar riga, wadda ita ce aka fi rainawa. Yawancinmu rigar ƙwallo muke zurawa idan za mu yi aikin datti, saboda ba ta da nauyi kuma ba a jin asararta. Wallahi ita ce mafi haɗari a cikin kayanka. Da zaren roba aka saƙa ta, kuma zafin digiri 250 da ɗoriya ya isa ya narkar da shi. Idan tartsatsi ya faɗa wa auduga, huda ta yake yi ko ta ci a hankali har ka ankara. Ita ko rigar roba narkewa take ta manne da fata kamar ledar da aka jefa a murhu, wajen cire ta sai ta taho da nama.

Ga gwaji mai sauƙi. Yanki ɗan ƙyalle daga cikin kalmasar rigar, ka riƙe da filaya ka kusantar da ashana. Idan ya ci ya bar toka mai laushi, yana warin takarda, auduga ce. Idan ya nannaɗe ya zama ɗan baƙin dunƙule mai tauri, roba ce, kar ka yi walda da ita. Yadi da yawa da muke ɗinkawa gauraye ne, don haka kar ka yarda da ido kawai.

Abin da ya kamata ka saka: riga mai kauri ta auduga mai dogon hannu, a ɓalle maɓallanta har wuya. Wandon jins na gwanjo ya wadatar, amma kar ka naɗe ƙafarsa, don cikin naɗin nan tartsatsi ke ɓuya. Takalmi rufaffe na fata, wandon ya sauko ya rufe bakinsa. Ban da silifas. Safar hannu ta fata, busasshiya, domin jiƙaƙƙiya tana kai wutar lantarki jiki. Kayan kuma kar su kasance sun sha mai ko giris. Ka fitar da laita daga aljihu, ka ajiye wayar nesa, batirinta ba ya shiri da zafi.

Kar wani ya ce wannan tsarin Turawa ne. Maƙeran gargajiya na ƙasar Hausa da walkin fata aka san su a bakin maƙera, tun kafin a san lantarki. Sun san fata ba ta kama wuta da sauri. Mu da muke da intanet a tafin hannu ne muka koma aiki da singileti.

Yanzu ɗaga kai ka dubi tsakar gidanku. Tartsatsin walda da na injin yankan ƙarfe na iya tafiya kimanin mita 10, shi ya sa ƙa'idar aiki a Amurka ta ce a kawar da duk abin da ke kamawa har nisan ƙafa 35. Gida nawa ne a Kaugama za ka auna ƙafa 35 ba ka ci karo da zana, ko darnin kara, ko harawar dabbobi a kan rumfa, ko buhunan shinkafa da riɗi ba? Balle da hunturu, komai ya bushe ƙayau ga iska na kaɗawa. Idan babu sarari a gida, fita da aikin fili. Ka share wurin, ka yayyafa ruwa a kewaye amma ba inda za ka tsaya ba, ka ajiye bokitin yashi kusa. Bayan ka kashe inji kuma kar ka kama gabanka, zauna aƙalla minti 30 kana dubawa. Sau da yawa gobara tana tashi ne bayan mai aikin ya tafi masallaci ko kasuwa.

Babbar magana ita ce fetur. A yankinmu na fadama gidaje da yawa ba a rasa jarkar mai ta injin ban ruwa ko ta janareta. Duk mun tuna daren 15 ga Oktoban 2024 a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, inda tankar mai ta kife ta kama da wuta, aka rasa fiye da mutum 150. Allah Ya jiƙansu da rahama. Abin da ya kamata mai walda ya riƙe daga wannan musiba shi ne, tururin fetur ne ke kamawa, kuma ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tarar da wuta inda take. Saboda haka tankin babur ko duron da aka taɓa zuba mai, wanda kake gani babu komai a ciki, ya fi cikakke haɗarin fashewa. Idan aka kawo maka irinsa ka liƙe ko ka yanka, ka ba da haƙuri. Ba aikin ɗan koyo ba ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san abin da wasu za su ce. "Malam, da zafin Haɗeja na watan Afrilu wa zai iya jins da dogon hannu?" Gaskiya ne akwai wuya. Mafita ita ce ka yi aikin da sassafe ko bayan la'asar, ka riƙa hutawa kana shan ruwa. Gumi wanka ke tafiyar da shi, tabon ƙuna kuwa da shi za a tsufa. Wani kuma zai ce ogansa ya shekara 20 yana yi da tabarau bai makance ba. Ka tambayi ogan dare nawa ya kwana da jiƙaƙƙen tsumma a kan ido, zai faɗa maka in yana da gaskiya. Masu cewa abin da Allah Ya ƙaddara sai ya faru, haka ne, amma ai muna kulle ƙofa da dare, muna kuma saka wa wayoyinmu gilashin kariya. Allon waya idan ya fashe akwai wani a kasuwa. Ido fa?

Idan tsautsayi ya gitta, riƙe waɗannan. Riga ta kama wuta, kar ka ruga, gudu hura ta yake. Faɗi ƙasa ka yi birgima. A zuba wa ƙunar ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ban da ƙanƙara. Kar a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko baƙin mai. Ƙyallen da ya manne da fata kar a fizge shi, a rufe da tsaftataccen mayafi a nufi asibiti. Wutar fetur ko ta lantarki ba a watsa mata ruwa: a kashe wuta daga tushe, a danne da yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda. Ka adana lamba 112 ta kiran gaggawa, ka kuma nemi lambar ofishin kashe gobara mafi kusa da ku tun yau.

Wanda yake da ƙani ko aboki da ya fara wannan sana'a, ya tura masa rubutun nan. Masu walda da suka daɗe a harkar kuma muna jiran gyaranku da ƙarin bayani. Idan kun yi alkawarin fara sayen garkuwar fuska da safar hannu, rubutu na gaba zai zo da bayanin yadda ake zaɓen injin da kansa, in sha Allahu.