Hoto 'Yan Uku: Ɗauka Ba Wuya, Riƙon Ne Aiki

Duk mai ɗaukar hoton da ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar Hawan Sallah ya san abin da ranar Katsina ke yi wa kyamara. Farar babbar riga tana ƙyalli kamar madubi, fuskar mai ita kuma tana cikin inuwar rawani. In aka saita kyamara don aikin rigar ya fito, fuska ta yi baƙi ƙirin. In aka bi fuska, riga ta wanke fes, ba a ganin aska biyu balle aska takwas.

Maganin da kyamarori suka tanada shi ne a ɗauki abu ɗaya sau uku a jere: ɗaya mai duhu, ɗaya daidai, ɗaya mai haske. Canon na kiran wannan tsari AEB, a Nikon kuma maɓallinsa na ɗauke da BKT. Kowane mataki ɗaya na haske ninki biyu ne, don haka in aka zaɓi -2 da 0 da +2, hoton da ya fi haske ya sha haske ninki 16 na wanda ya fi duhu. Daga baya sai a zaɓi wanda ya fi kyau, ko a haɗe ukun su zama hoto ɗaya, abin da ake kira HDR. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1850, Gustave Le Gray na Faransa yana ɗaukar teku daban, sama daban, sannan ya haɗa su.

Sai dai 'yan ukun nan ba su da amfani in suka rabu. Kuma hana su rabuwa aiki ne da ya kamata a yi shi a kan kyamara, tun kafin a bar filin, ba a gaban kwamfuta da tsakar dare ba.

A yi lissafi. Wanda ya ɗauki wurare 300 tsakanin Hawan Sallah da Hawan Bariki, kowanne sau uku, zai koma shago da fayil 900. Kyamara ba ta yi musu suna a matsayin 'yan gida ɗaya. Lamba kawai take jerawa: IMG_0001 a Canon, DSC_0001 a Nikon, har zuwa 9999, sannan ta sake komawa farko. In shago na da Canon biyu aka juye katunansu a folda ɗaya, sunaye na iya karo da juna, wani ya danne wani. Ga kuma yaron shago da aka ce ya tace hotuna kafin safiya. Ya ga mai duhu, ya ce ya lalace. Ya ga mai haske, ya ce ya ƙone. Ya goge biyu, ya bar na tsakiya, wato ainihin wanda aka san tun farko ba zai wadatar ba. Laifin ba na yaron ba ne, na wanda bai bar masa alama ba ne.

Alamar kuwa ba ta cin ko sisi. Na farko, a gyara agogon kyamara, kwanan wata da lokaci, musamman in kyamarori biyu ne za su yi aiki tare. Kowane hoto na ɗauke da bayanan da ake kira EXIF, inda aka rubuta lokacin ɗauka da yawan hasken da aka ƙara ko aka rage. Da wannan lokacin ne manhajar Lightroom ke iya tara hotunan da aka ɗauka cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu a tsibi guda. Agogo ya kauce, tsibi ya kauce.

Na biyu, a sa kyamara a kan ɗauka a jere, yadda danna ɗaya zai fitar da ukun. Wanda ke dannawa ɗaya bayan ɗaya, kiɗan algaita na tashi zai manta ko a na biyu yake ko a na uku, sai hoton da ke biye ya faɗa cikin gidan da ba nasa ba. Na uku, a canza jerin. Yawancin kyamarori na farawa da na daidai, sannan mai duhu, sannan mai haske. In aka mayar da shi duhu, daidai, haske, ido zai gane farkon kowane gida da ƙarshensa a kan allo ba tare da an buɗe komai ba. Na huɗu, tsohuwar dabarar masu sana'a: a ɗauki tafin hannu ko ƙasa a tsakanin gida da gida. Na biyar, kowane kati da foldarsa, mai ɗauke da kwanan wata da sunan wuri. Kuma in za a tura wa mai gyara ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, domin turawar hoto ta yau da kullum tana matse shi, ta kuma share bayanan EXIF.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, tunda wayoyi na yin HDR da kansu? Gaskiya ne. Apple ya sa shi a iPhone tun 2010, yanzu kuma har Tecno da Infinix suna da shi. Ga mai son hoton da zai ɗora a Facebook nan take, wannan ya isa. Amma waya ita ke yanke hukunci, ta haɗe, ta miƙa sakamako, ba a ganin sauran. Wanda zai buga babban hoton da za a rataye a zaure shekara ashirin yana bukatar hukuncin ya kasance a hannunsa.

Wani kuma zai ce kyamarorin yanzu, in an ɗauka a RAW, ana iya ceto inuwa daga hoto ɗaya. Shi ma yana da hujja, kuma hujjar tasa ce ke nuna rabin maganin: ba komai ake yi wa 'yan uku ba. Dokin da ke sukuwa ba zai haɗu ba, domin ƙafarsa a hoto na farko ba ta nan a na uku. Nan RAW ɗaya ya fi. 'Yan uku na abin da ke tsaye ne: Hasumiyar Gobarau da rana a bayanta, duhun zaure da hasken ƙofa, tsohon ginin Kwalejin Katsina, ko hakimi da ya ja linzami ya tsaya cak. Da an gama, a kashe tsarin, domin wasu kyamarori ba sa kashe shi da kansu. Wanda ya rage ɗauka ya rage ruɗani.

Kamfanonin kyamara ma suna da nasu kason. Na'urar da ke iya gane idon mutum daga nesa bai kamata ta gaza sa wa hotuna uku suna iri ɗaya ba. Amma mai shago a Ƙofar Ƙaura ba zai zauna jiran Japan ba. Gobarau tana nan, in an yi kuskure a koma gobe. Mahayin da ya yi wata guda yana shirin hawa kuwa, in aka goge hoton da fuskarsa ta fito, sai dai a ba shi haƙuri, ya jira wata Sallar.