Koyon Zanen Fasaha: A Fara Horar da Ido Kafin Hannu

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. Magini da kafinta da maƙeri da injiniya duk sun san gaskiyar wannan zance, domin komai daɗin bakin mutum, ba zai iya siffanta wa mai sana'a ƙarfen injin da ya karye ta yadda zai ƙera wani daidai da shi ba, sai an zana. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a duba hanyoyi biyu da ake bi wajen zanen fasaha, wato otogirafik da isometirik, sa'an nan a nuna cewa yadda aka saba gabatar da su ga ɗalibai ya sa da yawa suna gudun darasin. A ganina, abin da ya kamata a fara horarwa shi ne ido da tunani, rula da fensir su biyo baya.

Hanyoyin Biyu

Zanen otogirafik, wanda za mu iya kira zanen fuskoki, shi ne a dubi abu kai tsaye ta gaba, da ta sama, da ta gefe, a zana kowace fuska ita kaɗai da ma'auninta na haƙiƙa. Alal misali, mu ɗauki bulon siminti mai inci 9, wanda tsawonsa milimita 450 ne, faɗinsa 225, tsayinsa kuma 225. Ta gaba za a ga fuska mai kusurwa huɗu, 450 da 225. Ta gefe za a ga murabba'i. Sai an leƙa ta sama ne ramukan nan biyu za su bayyana. To, tun da ramukan suna nan ko da ido bai gan su ta gaba ba, sai a nuna su a wannan fuska da layi mai yanke-yanke.

Mutumin da ya tsara ƙa'idojin wannan hanya shi ne Gaspard Monge, wani masanin lissafi Bafaranshe, wanda ya fara aikin a makarantar injiniyoyin soja ta Mézières wajen tsara ganuwa. Hukuma ta ga amfanin abin har ta ɗauke shi asirin soja na shekaru masu yawa. Sai a 1795 ya koyar da shi a fili a birnin Paris, aka kuma buga littafinsa a 1799.

Shi kuwa zanen isometirik, ko zanen siffa, yana nuna fuskoki uku a hoto guda, kamar an ajiye bulon an karkato kusurwarsa wajen mai kallo. Layi ɗaya yana tsaye, biyu kuma sun tashi da digiri 30 daga kwance, ta yadda tsakanin kowane biyu daga cikin ukun akwai digiri 120. Sunan ya fito ne daga Girkanci, ma'anarsa awo daidai, domin tsawo da faɗi da tsayi duk da ma'auni ɗaya ake auna su. Farfesa William Farish na Jami'ar Kambirij a Ingila shi ne ya bayyana ƙa'idarsa a rubuce a 1822, saboda yana bukatar hanyar da zai nuna yadda ake harhaɗa sassan injunan da yake koyarwa da su.

Kowace hanya da nata rauni. Zanen fuskoki ba ya ƙarya a kan ma'auni, amma sai wanda ya iya karanta shi yake ganin abin da ake nufi. Zanen siffa kuwa ko yaro ya gani ya gane, sai dai da'ira takan koma kamar ƙwai, kusurwar digiri 90 ta koma 60 ko 120, bayan abin kuma ya ɓuya gaba ɗaya.

Inda Gizo Ke Saƙar

Gwanintar da ake nema ita ce ɗalibi ya dubi fuskoki uku a takarda, ya haɗa su cikin zuciyarsa su zama abu guda, ya kuma iya yin akasin haka. Amma abin da aka fi yi shi ne malami ya shafe makonni yana koyar da ja layin gefen takarda, da rubuta haruffa, da fiƙe fensir, daga nan ya zana fuskoki a allo, ɗalibai su kwafa. Yaro zai iya samun maki mai kyau saboda tsabtar takardarsa, alhali in aka miƙa masa katakon da aka datse wa kusurwa aka ce ya zana, sai ya yi tsuru-tsuru. Wannan daidai yake da yaron da ya iya kwafar rubutu da kyau amma bai iya karanta abin da ya rubuta ba.

Kada a ɗauka matsalar ta ƙare a ɗakin jarrabawa. Akwai tsari biyu na jera fuskoki a takarda. A tsarin kusurwa ta farko, wanda ya fi yaɗuwa a ƙasashen Turai, fuskar sama tana ƙarƙashin ta gaba, abin da aka gani ta hagu kuma a ajiye shi a dama. A tsarin kusurwa ta uku, wanda Amurka ke bi, fuskar sama tana sama, ta dama tana dama. Shi ya sa ake sa wata 'yar alama mai kama da mazurari a gindin takarda don a san tsarin da aka bi. Ma'aikacin da ya haddace tsari ɗaya ba tare da ya fahimci dalilinsa ba, in ya gamu da ɗayan, sai ya huda rami a hagu inda ake son sa a dama. Ƙarfe ya ɓaci, kuɗi sun salwanta, aikin kwanaki ya koma baya.

A Nijeriya mun ga darasi a kan wannan. Bayan manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982 ya shigar da darasin gabatar da fasaha a ƙaramar sakandare, da zane a cikinsa. An sayo injuna daga ƙasashen waje, amma da yawa suka tsufa cikin akwatunansu saboda rashin ɗakin aiki da wutar lantarki da ƙwararrun malamai. Abin lura shi ne, ɓangaren da ya fi muhimmanci a zanen bai taɓa bukatar waɗannan injuna ba. Sandar sabulu da wuƙa, da akwatin ashana, da yumɓu, da guntayen katako daga shagon kafinta sun wadatar.

Shawara

Abu na farko, a ɗora wa kowane ɗalibi abu a hannu, ya jujjuya shi, ya rufe ido ɗaya ya dube shi ta kowace fuska. Na biyu, ya zana siffarsa da hannu kawai, ba rula, domin zanen siffa ya fi kusa da abin da ido ya saba. Na uku, ya fitar da fuskokin daga wannan siffa. Na huɗu, kuma shi ne gwajin gaskiya, ya ba abokinsa fuskokin nan ba tare da ya nuna masa abin ba, abokin ya sassaƙa shi da sabulu. In abin da ya fito ya saɓa, su biyu za su gano wa kansu inda zanen ya gaza. Bayan wannan ne allon zane da sikwaya da kamfas za su yi amfani.

Wani zai ce ai wannan baiwa ce, wanda bai da ita ba zai samu ba. Amsa ita ce, a 1993 Sheryl Sorby da abokiyar aikinta suka buɗe wani kwas a Jami'ar Fasaha ta Mishigan a Amurka domin sababbin ɗaliban injiniya masu rauni wajen juya siffa a zuci, sakamakon kuma ya nuna cewa horo yana gyara wannan rauni. Wani kuma zai ce tun da manhajar AutoCAD ta fito a 1982, kwamfuta ta ɗauke wa mutum wahala. Gaskiya ne ta ɗauke wahalar ja layi da gogewa, har akwai manhajojin da ke fitar da fuskoki da kansu. Sai dai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kwamfuta ba ta san abin da mai zane yake nufi ba, kuma kafintan da ke tsaye a wurin gini da takarda a hannu, idonsa ne zai karanta ta.

Kammalawa

Ba ana cewa tsabtar aiki da kiyaye ma'auni ba su da muhimmanci ba ne, domin zanen da milimita 2 ta kuɓuce masa yana iya hana ƙofa shiga gurbinta. Abin da ake cewa shi ne kowane abu da lokacinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka ya kamata kwalejojin horar da malamai da masu shirya jarrabawa su ba fahimtar siffa kaso mafi tsoka na lokaci da na maki a shekarar farko. Ɗalibin da ya iya ganin bulo cikin layuka, koya masa riƙon rula aikin 'yan makonni ne.