Sharhi: Jinya a Hannu Take

Sharhinmu na yau kan yadda ake koyar da masu jinya ne, 'ya'yanmu da ke karatu a Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Jega da ta aikin jinya a Birnin Kebbi, da waɗanda suka tafi neman digiri a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato.

Tsohuwar hanya kowa ya san ta. Malami ya tsaya gaban allo yana ta bayani, ɗalibai na rubutu, ranar jarrabawa su juye abin da suka haddace. Sai a ci jarrabawa, amma ranar da aka kawo yaro yana jijjiga, jijiyarsa ta ɓuya saboda rashin ruwa a jiki, hannu ya kama rawa. Wannan ba abin da za a jira shekaru kafin a gani ba ne. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce ke kan gaba, kusan rabin ƙananan yaran da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar. Duk wadda aka tura asibitin Maiyama da damina za ta gamu da irin wannan yaron.

Mutanen Aliero ba su buƙatar dogon bayani a nan. Garin ya yi suna da masu ɗori, kuma babu wanda ya zama mai ɗori da saurare kawai. Yaro yakan daɗe yana riƙe ƙafar majinyaci, yana miƙa kara da tsumma, babban na gyara masa kamu, kafin a bar shi ya taɓa karaya.

Haka muke so aji ya zama. A raba ɗalibai biyar biyar, a ba su labarin mai ciki da ta zo da kumburin ƙafa da ciwon kai, a bar su su yi gardama: me za a fara aunawa, wa za a kira, yaushe za a tura ta babban asibiti? Malami ya saurara, ya tsoma baki inda suka kauce. Daga nan a shiga ɗakin gwaji, kowa ya sa robar ƙarin ruwa a hannun mutum-mutumi har sai hannu ya faɗa. Wata ta zama nas, wata ta zama uwar da ke tsoron allura, a yi maganar da Hausa, domin da Hausa za a yi ta a bakin gado.

Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa tana gwada ɗalibi a aikace kafin ta ba shi lasisi. To amma aji mai cunkoso da mutum-mutumi guda ba zai isar ba. Muna kira ga gwamnatin jiha da shugabannin makarantun nan da su ƙara malamai, su sayi kayan gwaji, kuma a kowane asibiti a ware gogaggiyar nas da aikinta shi ne tsayawa kan ɗalibai.

Mu kwana nan, sai wani jiƙon.